Hunturu a Watan Yuli: Ziyarar Birnin Buwenos Aires

Malaman falaki sun daɗe suna karantar da cewa ƙasashen da ke kudu da layin da ya raba duniya biyu, lokutan shekararsu kishiyar na arewa ne, ta yadda idan rana ta karkata arewa ta tsananta zafinta a kan Misira da Hijaz da Turai, a sa'an nan ne mutanen kudu suke neman barguna. Amma ji daban, gani daban, kuma ban tabbatar da nisan da ke tsakaninsu ba sai da ni da waɗansu aminaina muka bar gida a tsakiyar watan Yuli, damina ta kankama, muka bi ta Adis Ababa da Sawo Fawlo ta ƙasar Barazil, muka sauka a Buwenos Aires, babban birnin Ajantina, muka tarar itatuwa sun zubar da ganye, kowa ya ƙudundune cikin kwat. Tafiyar ta hutu ce gajeriya. Wanda ya kitsa ta shi ne likitan dabbobin cikinmu, wanda ya daɗe yana begen ganin bajekolin shanun da ake yi a birnin kowace shekara cikin wannan wata. Alhaji, wanda ɗan kasuwa ne, ya ce zai bi domin ya duba ɗan ƙanensa da ke karatu a can. Malam kuwa, wanda ko a cikin jirgi ba ya rabuwa da littafin fiƙihu, cewa ya yi yawon buɗe ido da niyyar ɗaukar ibra shi ma ibada ne. Yaron nan ɗalibi shi ya zama tafintanmu, gama mutanen birnin Sifaniyanci suke yi, Ingilishi kuwa ba ya kai baƙo nesa a titunansu.

Sanyin wurin bai kai na daskarar da ruwa ba, dusar ƙanƙara ma da ta sauka a cikin birnin a 1918 ba ta sake ba sai ranar 9 ga Yuli, 2007. Ma'auni yakan tsaya wajen digiri 7 da asuba, ya hau zuwa 15 da rana, sai dai sanyi ne mai laima wanda ke tasowa daga kogi, ya ratsa tufa, ya zauna a ƙashi. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ta faɗi wajen shida, kuma a tsakanin haka ba ta hawa tsakar kai, sai ta bi gefen arewa a sunkuye, har inuwar mutum a lokacin zawali ta fi tsayinsa. Wannan ya ba Malam aikin da yake so, domin ya tsayar da mu a tsakar wani lambu yana bayanin cewa wanda zai auna shigar La'asar da inuwa a irin wannan wuri, lalle ne ya fara cire inuwar zawali kafin ya ƙirga tsayi guda, in ba haka ba ya yi La'asar Azahar ba ta ko shiga sosai ba. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa. Ƙasaru kuwa ya yanke mana hukuncinta tun a filin jirgi, ya ce tun da mun ƙudurta zaman da ya zarce kwana huɗu, a mazhabar Imamu Malik mun zama mazauna, sai mu cika salla.

Birnin yana zaune ne a bakin La Plata, inda kogin Parana da na Urugwai suka haɗu suka zama ruwa guda mai launin laka, mai faɗin da mutum yana tsaye a gaɓar Ajantina ba ya hango ta Urugwai, bakinsa ma inda ya faɗa teku ya kai kimanin kilomita 220. Sau biyu mutanen Sifen suka kafa garin: Pedro de Mendoza ya fara a 1536, yunwa da yaƙin 'yan ƙasa suka watsa mutanensa, sa'an nan Juan de Garay ya gangaro daga Asunsiyon ya sake kafa shi a 1580. A yau cikin birni akwai mutum wajen miliyan 3, in an haɗa da unguwannin da suka kewaye shi kuwa, kimanin sulusin jama'ar ƙasar duka a nan suke. Mun tsallaka titin 9 ga Yuli, mai ɗauke da ranar da ƙasar ta ayyana 'yancinta a 1816, wanda faɗinsa ya kai mita 140 har mai tafiya a ƙasa sai ya yada zango a tsakiya. Mun ga wata farar hasumiya da aka gina a 1936. Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa wanda ya fara aiki tun 1913, kafin na kowane birni a Kudancin Amurka. Waɗannan duk baƙo yakan gama da su cikin yini guda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manyan gidajen unguwannin arewa, masu siffar fadojin Faransa, waɗanda har maginansu da kayan adonsu daga Turai aka riƙa kawowa, gama duk wanda ya ga irin wannan gini a ƙarshen duniya ba zai rasa tambayar inda dukiyar ta fito ba, jawabin kuwa a taƙaice shi ne shanu.

Bayan birnin akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ake kira Pampa, wadda ba dutse ba tudu, sai ciyawa iyakar ganin ido, kuma dawaki da shanun da mutanen Sifen suka kawo, da suka sami wannan ni'ima ba mai tsare su, sai suka koma na daji suka yi ta hayayyafa, har aka yi zamanin da ake kashe sa don fatarsa kawai a bar naman ga tsuntsaye. Daga baya aka kafa masana'antun da ke yanka nama a zuba masa gishiri a busar, a yi lodinsa zuwa Barazil da Kuba domin ciyar da bayin da ke noman rake. Babban juyi ya zo ne da abu uku a rabin ƙarshe na ƙarni na 19: wayar shinge, wadda ta ba kowane mai ƙasa damar killace garkensa ya zaɓi bijimin da zai yi barbara; layin dogo, wanda akasarinsa da jarin Ingila aka shimfiɗa shi, duk ya nufo tashar jiragen ruwa ta birnin; da jirgin ruwa mai ɗakin sanyi, wanda na farkonsa ya iso daga Faransa a 1876. Tun daga nan naman Pampa ya zama cimar ma'aikatan Landan, alkama ta biyo baya, kuma kafin Yaƙin Duniya na Farko Ajantina ta shiga cikin ƙasashe goma da suka fi arziki a duniya in an raba dukiya bisa yawan jama'a. Talakawan Italiya da Sifen suka yi ta kwararowa, har ƙidayar 1914 ta nuna kusan rabin mazauna birnin a wata ƙasa aka haife su.

Bajekolin da ya kawo mu ƙungiyar manyan masu gonaki ce ke shirya shi, wadda aka kafa a 1866, a wani fili da ke unguwar Palermo a tsakiyar gari, kuma da yake ya dace da hutun hunturu na 'yan makaranta, sai muka tarar da wurin maƙil da yara da iyayensu. Likita dai tun daga ƙofa muka rasa shi. Can muka same shi a rumfar baƙaƙen shanun Angus marasa ƙaho, yana shafa gadon bayan wani bijimi da aka yi wa wanka aka taje masa gashi, yana ta tasbihi; daga nan ya ja mu wurin jajayen Hereford masu farar fuska, sa'an nan wurin waɗanda ya ce su ne darasin, watau Brangus da Braford, waɗanda aka samar ta hanyar haɗa jinin shanun Ingila da na masu tozo domin su jure zafi da kaska a arewacin ƙasar. Kowace dabba da takardar nasabarta, uwa da uba da kakanni, da nauyinta ran haihuwa da ran yaye. Makiyayansu, waɗanda ake kira gauco, suna zagayawa a kan dawaki da faffaɗar ɗamara mai ado da tsabar azurfa, da wuƙa soke a baya. Shanun ƙasar sun haura miliyan 50, sun fi mutanenta yawa.

Likita ya juyo ya ce da Alhaji, "Alhaji, ka ga abin da killace dabba ke yi ko? Da haka muke yi a gida da an huta da rigimar makiyayi da manomi." Malam bai musa ba, sai dai ya tambayi yaronmu ko su wane ne a ƙasar kafin a kafa shingen. Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai masu ita, sojoji ne suka kore su." Gaskiyarsa kuwa, domin tsakanin 1878 da 1885 Janar Julio Roca, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1880, ya jagoranci yaƙin da ya murƙushe ƙabilun asali na kudancin Pampa da Patagoniya, aka kashe na kashewa, aka rarraba mata da yara aikatau a gidajen birni, ƙasar da aka ƙwace kuma ta faɗa hannun iyalai 'yan kaɗan. Ina ganin masu kafa mana hujja da Ajantina a kan kiwon zamani suna da gaskiya wajen ilmin dabba da tsare nasaba da kula da ciyawa, kuma ya kamata a koya. Amma in za a kawo hujjar a kawo ta duka, har da yadda aka yi filin ya zama wofi.

Naman kansa sai da muka yi muƙabala a kansa kafin ya shiga bakinmu. Malam ya ce asali yankan Ahlul Kitabi halal ne, illa dai shubuhar da ke cikin yadda mayankar zamani ke aiki, da kuma cewa a kan waya guda suke gasa naman sa da tsiran alade da wani baƙin tsire da ake cusa wa jini. Saboda haka muka taƙaita ga wuraren Larabawa masu sayar da yankan Musulmi, a sauran wurare kuwa muka tsaya ga kifi da taliya, wadda jikokin mutanen Italiya suka gwanance a kanta. Gashinsu ba yaji ba ƙuli, gishiri kaɗai, a kan garwashi mai laushi, a bar shi sa'o'i yana nuna a hankali, kuma na shaida ban taɓa cin haƙarƙari mai taushinsa ba. Abin da ya dame mu shi ne lokaci, gama ba sa zama cin abincin dare sai ƙarfe tara ko goma, alhali mu mun yi Lisha tun da daɗewa barci na fizgarmu. Suna kuma da wani ganye mai ɗaci da ake kira mate, wanda suka gada daga ƙabilar Gwarani, a zuba shi a ɗan ƙoƙo, a tsiyaya ruwan zafi, a zuƙa da bututun ƙarfe, mutum guda ke zubawa yana miƙa wa kowa bi da bi da bututu ɗaya. Matsayinsa a wurinsu matsayin goro ne a wurinmu, wanda aka miƙa wa an karɓe shi ke nan. Ƙasar Sham ce ta fi kowace sayen wannan ganye daga gare su, domin waɗanda suka yi ci-rani suka koma gida sun tafi da ɗabi'ar. Ranar 20 ga Yuli kuwa, wadda suka keɓe wa abota tun da wani mutuminsu ya ba da shawarar haka don tunawa da saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, mun sha yawo kafin mu sami teburin zama, ko'ina abokai sun cika.

Juma'a mun yi ta a masallacin Sarki Fahad, wanda ke bayan filin shanun nan, mai hasumiya biyu da makaranta da ɗakin karatu, wanda aka buɗe a 2000 a kan filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar. Sahu ya haɗa jikokin mutanen Sham da Labanan waɗanda kakanninsu suka zo da fasfon Daular Usmaniyya, da 'yan Senegal masu tallar agogo da tabarau a bakin titi, da 'yan ƙasa da suka musulunta, aka yi huɗuba da Larabci aka fassara da Sifaniyanci. Shi Menem ɗin, wanda ya yi mulki daga 1989 zuwa 1999, iyayensa Musulmi ne daga garin Yabrud na Sham, ya koma Katolika a lokacin da tsarin mulki bai yarda wanda ba Katolika ba ya shugabanci ƙasar, sharaɗin da aka soke a 1994 a zamaninsa. Da ya mutu a 2021 kuwa a maƙabartar Musulmi aka binne shi kusa da ɗansa. Malam ya ji wannan ya ce lamarinsa yana ga Allah, bai ƙara ba.

Mutanen wannan birni suna da wata irin mu'amala da matattunsu wadda ta ba ni mamaki. Maƙabartar Recoleta, wadda aka buɗe a 1822, gari ce sosai mai tituna da lunguna, kowane gidan masu shanu da janar-janar da shugabanni ya gina wa kansa ɗaki na marmara da gumaka da ƙofar ƙarfe, akwatunan gawa a jere a kan kanta ana hango su ta gilashi. Wanda ya taso a kan sunnar likkafani da kabarin da ba a ɗaukaka shi fiye da taƙi ba, ba zai shiga nan zuciyarsa ta natsu ba, kuma Alhaji tun a lungu na biyu ya ce zai jira mu a waje. Jama'a kuwa duk wuri guda suke nufa, kabarin Eva Peron, 'yar talakawa wadda ta auri Janar Juan Peron, ta tsaya wa ma'aikata da marayu, ta yi faɗi-tashi har aka ba matan ƙasar 'yancin zaɓe a 1947, ta mutu ranar 26 ga Yuli, 1952 tana da shekara 33. Da sojoji suka kifar da mijinta a 1955 sai suka sace gawarta, suka binne ta a Milan ta Italiya da sunan ƙarya, ba ta dawo ƙasar ba sai 1974, daga bisani aka kwantar da ita a tsakiyar attajiran da suka fi kowa ƙinta tana raye. Furanni ba sa yankewa a ƙofar.

Amma abin da ya fi wannan nauyi mun gan shi ne ranar Alhamis, da yaronmu ya ce, "Kawu, mu yi sauri mu isa Dandalin Mayu kafin uku da rabi." Dandalin shi ne cibiyar gari, nan fadar shugaban ƙasa take mai launin hoda, nan babbar majami'ar da Paparoma Francis ya yi limanci kafin a zaɓe shi, wadda kabarin San Martin, jagoran yaƙin 'yanci, ke cikinta. A tsakiya an zana fararen kallabai a ƙasa a kewaye. Asalin abin shi ne, sojojin da suka ƙwace mulki a 1976 suka riƙe shi har 1983 sun riƙa ɗauke mutane da dare, ɗalibai da 'yan ƙwadago da lauyoyi, ba tuhuma ba shari'a ba gawa, waɗansu a yi musu allurar barci a jefo su daga jirgin sama cikin kogi ko teku. Uwa ta je ofishin 'yan sanda a ce ba a san zancen ba, ta je bariki a ce haka. Ranar 30 ga Afrilu, 1977 waɗansu iyaye mata 'yan kaɗan suka taru a gaban fadar suna neman a gaya musu inda 'ya'yansu suke, da 'yan sanda suka ce an haramta taro, su yi gaba, sai suka shiga tafiya bibbiyu suna kewaya dandalin, kuma wannan kewaye bai tsaya ba har yau. Jagorarsu ta farko, Azucena Villaflor, ita ma an ɗauke ta a watan Disambar wannan shekara, ba ta dawo ba.

Hukumar binciken da gwamnatin farar hula ta kafa ta tattara sunayen mutum kusan 9,000 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙi suna cewa adadin ya kai 30,000, kuma a 1985 aka gurfanar da shugabannin mulkin sojan gaban kotun farar hula, aka yanke wa Janar Videla ɗaurin rai da rai. Kakanni mata kuma suka kafa tasu ƙungiya don neman jariran da aka haifa a tsare aka ba waɗansu gidaje, kuma ta hanyar gwajin jini sun gano fiye da 130. Waɗanda muka gani ran nan tsofaffi ne tukuf, waɗansu a keken guragu, matasa na tura su, ana kiran sunayen waɗanda suka ɓace ɗaya bayan ɗaya jama'a na amsawa. Mun zo daga nahiyar da ta san mulkin soja, ta kuma san yadda ake cewa a bar wa Allah a rufe magana; ban ga saɓani tsakanin tawakkali da neman haƙƙi ba, kuma a ganina waɗannan mata sun fi duk gumakan Recoleta ɗaukaka sunan ƙasarsu.

Sai dai birnin da ya iya tunawa haka, akwai waɗanda ya mance, kuma baƙar fata ba zai yi kwana biyu a cikinsa bai lura ba, domin sai mu yini muna yawo ba mu ga mai kama da mu ba in ba 'yan tallan Senegal ba. Alhali kuwa ƙidayar 1778 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna garin 'yan Afirka ne da zuriyarsu, akasarinsu daga Angola da Kwango da Mozambik, waɗansu ta hanyar Barazil aka shigo da su. Unguwar Retiro ma, inda babbar tashar jirgin ƙasa take a yau, nan wani kamfanin Ingila ya riƙa tsare bayi bayan wata yarjejeniya ta 1713. An 'yanta 'ya'yan da bayi za su haifa tun 1813, tsarin mulkin 1853 ya soke bauta, birnin ya bi sahu a 1861. Inda suka shiga kuwa, abin da aka saba faɗa shi ne yaƙe-yaƙe sun cinye mazansu, annobar zazzaɓin shawara ta 1871, wadda ta kashe mutum wajen 14,000 ta sa attajirai suka gudu daga unguwar San Telmo zuwa arewa, ta ƙarasa saura. Masana tarihi na baya-bayan nan sun nuna wannan rabin magana ce: auratayya da ambaliyar baƙi daga Turai sun narkar da su, masu ƙidaya suka daina rubuta launi, shugabanni kuma suna son a san ƙasar da ta Turawa, har jikoki suka riƙa ɓoye hoton kaka. A Bahiya ta Barazil, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, Musulmi kuma suka yi babban bore cikin Ramadan na 1835, ba wanda zai iya share sawun Afirka. A nan an kusa sharewa. Yanzu dai an fara gyara, domin an keɓe 8 ga Nuwamba don tunawa da Maria Remedios del Valle, baƙar mace da ta yi yaƙin 'yanci a rundunar Janar Belgrano ta ƙare tana bara a titi kafin a tuna da ita, an kuma sa hotonta a takardar kuɗi ta peso 10,000.

A La Boca, tsohuwar unguwar masu aikin tashar ruwa 'yan Italiya, mai gidajen kwano da aka shafe da fenti kala-kala, nan muka sha dariya. Rawar tango da ake yi wa baƙi a bakin titi, mace da namiji manne da juna, Malam ya kau da kai muka wuce. Amma da wani dattijo mai sayar da riguna kusa da filin wasan Boca Juniors ya ji daga Nijeriya muke, sai ya shiga lissafa mana da yatsu: 1994, 2002, 2010, 2014, 2018, sau biyar aka haɗu a gasar cin kofin duniya, sau biyar suka yi nasara, kuma wasan ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa da mu ne. Alhaji ya bari ya gama, sa'an nan ya ce wa yaron, "Gaya masa Atlanta, 1996, uku da biyu." Dattijon ya dafe ƙirji, ya rantse cewa ƙwallon Amunike satar gida ce, kana ya rungume Alhaji ya sumbace shi a kumatu kamar yadda mazansu ke gaisawa, Alhaji ya sandare yana salati.

Wanda ya ga duk wannan ƙawa zai zaci mutanen cikin yalwa suke, amma kuɗinsu ya daɗe ba shi da amana. Daga 1970 zuwa 1992 an sauya kuɗin ƙasar sau huɗu, aka share sifiri 13. A ƙarshen 2001 gwamnati ta hana mutane cire ajiyarsu daga banki, aka yi bore, aka yi shugabanni biyar cikin mako biyu. A 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari. Saboda haka mai ɗan abin hannu da dalar Amurka yake ajiya, 'yan canji suna tsaye a titin Florida suna kira, da dare kuma masu tsintar kwali suna jan amalanke a gindin fadojin nan, waɗansu a kan titi suke kwana cikin sanyin da mu da kwat muke kuka da shi. Alhaji, wanda ya san ciwon faɗuwar kuɗi a jikinsa, ya ce ƙasar da ke da wannan ciyawa da wannan ruwa in ta talauce ba ta da wanda za ta zarga sai masu riƙe da ita. Duk da haka ba su saki karatu ba: jami'ar birnin, wadda aka kafa a 1821, kyauta ce, kantunan littattafai a buɗe suke har dare, mafi shahara cikinsu tsohon gidan wasan kwaikwayo ne na 1919 da aka jera wa kantoci, mutane na zaune suna karatu a inda 'yan kallo ke zama a da. Babban marubucinsu, Borges, wanda ya shugabanci ɗakin karatu na ƙasa daga 1955 alhali ganinsa ya tafi, ma'abocin Alfu Laila ne, har ya rubuta labari a kan Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, abin da ya sa Malam ya sassauta wa birnin ƙwarai.

Wanda Allah ya hore masa ya yi niyyar zuwa, ina ba shi shawara ya zo a wannan wata na Yuli duk da sanyinsa, gama a cikinsa ne ake bajekolin shanu, kuma a cikinsa ne mutanen gari suke gida ba su watse bakin teku ba. Ya nemi biza da wuri, ya sayi rigar sanyi ta gaske da safa, ya koyi gaisuwa da ƙirga da Sifaniyanci, ya kuma tsara kwanakinsa yadda za su haɗa da Alhamis da Juma'a, domin ya tsaya a Dandalin Mayu da ƙarfe uku da rabi, kashegari ya sami jam'i a Palermo.